Me ya sa wasu ke rushe abin da jama'a suka taru suka gina a wasannin intanet?

Malam Nura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna wata tambaya a wannan zaure, kuma zan fara da abin da ya faru a ƙasar Denmak a shekarar 2014. A watan Afrilu na shekarar, hukumar da ke kula da taswirar ƙasar ta gina Denmak baki ɗayanta a cikin Minecraft, wasan kwamfuta da ake gini da tubala a cikinsa, da hanyoyinta da gine-ginenta da gonakinta, kowane tubali ɗaya a madadin mita ɗaya ta zahiri, sannan ta buɗe ƙofa ga kowa ya shiga, musamman domin malamai su riƙa koyar da ɗalibai da shi. Hukumar ta hana amfani da nakiya, amma ta manta cewa a cikin wasan akwai wani ɗan keken dogo da ake ɗora wa nakiya, wanda hanin bai shafa ba. Ba a jima ba wasu suka gano wannan kafa, suka tarwatsa wasu wurare, suka kakkafa tutocin Amurka a kan kufai, har suka gina tankokin yaƙi. Waɗannan mutane ba su sami ko sisin kwabo ba, ba su ci wata gasa ba, kuma babu wanda ya yi musu laifi a hukumar. Me ya kai su? Ina roƙon kowa ya faɗi fahimtarsa cikin mutunci.

Harisu: Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, ni ina ganin ana ɗora wa al'amarin nauyin da bai kai ba. Babu gidan kowa da ya rushe a zahiri, babu wanda ya ji rauni, kuma hukumar tana da kwafin taswirar a ajiye, tana iya mayar da komai yadda yake. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan ne da kansu suka sanya nakiya a cikinsa, kuma duk wanda ya taɓa tayar da ita ya san akwai daɗin kallo a yadda tubala ke watsewa. Idan an ba mutum kayan fasa abu a cikin wasa, bai kamata a yi mamaki ba idan ya fasa.

Ummi: Harisu, ƙanena, bari in ba ka labarin abin da ya same mu, domin maganar "babu wanda ya ji rauni" ta tsaya mini a rai. Ni da wasu ƙawayena da 'yan'uwansu mun daɗe muna gina wani gari a wata ƙaramar saba ta Minecraft, wato duniyar wasa da mutane da yawa ke shiga tare ta intanet, da ganuwa da ƙofar gari mai zanko a samanta, da kasuwa mai rumfuna, har da marina da muka haƙa ramukanta muka cika da ruwa. Wasunmu da waya suke shiga, suna lallaɓa data, suna jiran a kawo wuta su yi caji kafin su ɗora 'yan tubalan da za su iya a daren. Wata safiya muka shiga muka tarar an tuttula narkakken dutse daga saman ganuwa ya malale kasuwar, an buɗe akwatunan ajiyarmu an watsa kayan cikin wuta, an kashe tumakin da muka rina gashinsu launi-launi muka killace a garke. Wanda ya yi bai ɗauki komai ba, domin hatta lu'ulu'un da muka sha wahalar haƙowa ƙona su ya yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani ɗan allo da ya kafa a bakin ƙofar, ya rubuta "ku sake ginawa" a jiki. Ƙaramar cikinmu, wadda ita ta yi rumfunan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ta sake shiga ba har yau.

Malama Zainab: Ummi, Allah ya ba ku haƙuri. Wannan allo da kika ambata, a wurina, shi ne amsar tambayar Malam Nura, kuma shi ne abin da maganar Harisu ta tsallake. Minecraft yana ba kowa damar buɗe duniyarsa shi kaɗai, ya jibge nakiya iya son ransa, ya tarwatsa duwatsu da dazuzzuka ba tare da ya taɓa kayan kowa ba. Da daɗin kallon fashewa kaɗai mutumin nan yake nema, da can ya tafi. Amma ya zaɓi ya nemi wurin da wasu suka zuba lokacinsu, ya jira sai da suka yi barci, sannan ya bar musu saƙo, domin abin da yake bukata shi ne a samu wani mutum a ɗaya gefen wanda zai gani ya ji zafi.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu nazarin wasanni. Richard Bartle, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka samar da wasan MUD, wasan kwamfuta na rubutu da mutane da yawa ke shiga tare, a Jami'ar Essex ta Ingila a ƙarshen shekarun 1970, ya yi wani rubutu a 1996 inda ya kasa 'yan wasa kashi huɗu: masu neman cin nasara, masu son bincike, masu son hulɗa da jama'a, da kuma waɗanda jin daɗinsu yana cikin danne wasu 'yan wasa. Abin lura a bayaninsa shi ne cewa wannan kashi na ƙarshe ba ya iya zama shi kaɗai, domin idan ya kori kowa, shi ma wasan ya ƙare masa. A 2014 kuma wasu masu bincike a Kanada, ƙarƙashin jagorancin Erin Buckels, sun gano cewa masu jin daɗin tsokanar mutane a intanet sun fi sauran jama'a nuna halin jin daɗin wahalar wani. Nazarin nasu a kan masu tsokana a wuraren sharhi ne, amma kamannin a bayyane yake. Tun kafin kwamfuta ma, tarihi ya ajiye labarin Herostratus, wanda ya ƙona babban wurin bauta na birnin Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), domin kawai sunansa ya shahara. Hukumomin birnin sun kashe shi, sun kuma haramta ambaton sunansa, saboda sun gane abin da yake nema.

Injiniya Bashir: Malama, na yarda da ke a kan halin mutum, amma ina so in ja hankalinmu zuwa ɗaya ɓangaren, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yadda aka tsara wasa yana da hannu babba a yawan ɓarnar da ake yi a cikinsa. A Minecraft, ginin da ya ci wa mutum goma watanni, mutum ɗaya mai bokitin narkakken dutse zai iya lalata shi kafin a tafasa shayi, kuma idan sabar ba ta ajiye bayanin wanda ya taɓa me, babu mai sanin ko wane ne. Gini da tsada, ɓarna da araha, ga kuma rufin asiri. A irin wannan tsari, ko da maɓarnata ƙalilan ne a cikin jama'a, su za a riƙa gani.

Ku kwatanta da abin da shafin Reddit ya yi a farkon Afrilun 2017. Sun buɗe wani farin allo mai ɗigo miliyan ɗaya, dubu a tsaye dubu a kwance, suka ba kowa damar canza launin ɗigo ɗaya tak, sannan ya jira 'yan mintuna kafin ya sake sa wani. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka shiga a cikin sa'o'i 72. Maɓarnata sun zo, har an samu wata ƙungiya da aikinta shi ne watsa baƙin launi yana cinye zanen mutane. Amma da yake a wannan karon mai ɓarna da mai gyara kuɗinsu ɗaya, kowa ɗigo ɗaya yake da shi a lokaci guda, sai masu gini suka rinjaya, allon ya ƙare cike da tutoci da zane-zane masu tsari. Mutanen ba su canza hali ba, lissafin ne ya canza. Haka kuma wasan Ultima Online, wanda ya fito a 1997, ya sha fama da masu kashe sababbin 'yan wasa suna kwashe musu kaya, har a shekarar 2000 kamfanin ya raba duniyar gida biyu, ɗaya da ake iya far wa kowa, ɗaya kuma da ba a taɓa mutum sai da yardarsa, kuma akasarin jama'a suka koma ta biyun.

Harisu: Yaya Ummi, ki yi haƙuri, ban yi nufin raina wahalarku ba, kuma abin da aka yi muku bai dace ba. Amma ina nan a kan cewa ba kowace rushewa ce zalunci ba. Akwai sabar da ake kira 2b2t, wadda aka buɗe tun Disambar 2010, kuma kusan babu wata doka a cikinta. Duk wanda ya shiga ya san za a iya kashe shi, a sace masa kaya, a rushe masa gini. Wurin da sababbi ke sauka ya zama kufai mai ramuka da tsaunukan narkakken dutse da ya daskare, kuma mutane suna bin dogon layi domin su shiga su gan shi. A can rushewa tana cikin wasan, kamar yadda duka yake cikin dambe. Wanda ya shiga fage da ƙafarsa ba zai ce an zalunce shi ba.

Abdulhadi: Harisu ya kawo misali mai kyau, kuma na amince cewa yarda tana canza hukunci. Sai dai na daɗe ina bibiyar tarihin wannan saba, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa ko a can ɗin, mutane ba su daina gini ba. Suna yin tafiya mai nisan gaske, dubban ɗaruruwan tubala daga tsakiyar duniyar, wasu har miliyoyi, domin su sami wurin da za su kafa gari a ɓoye, kuma suna tsare adireshin wurin kamar yadda ake tsare sirrin gida. Sun gina manyan birane da hasumiyoyi alhali sun san cewa ranar da adireshin ya fita, ranar ce ƙarshensu. Kuma sau da yawa ba baƙo ne ke gano wurin ba, wani ne daga cikinsu, wanda aka yarda da shi aka ba shi gurbi, yake fitar da adireshin saboda wani saɓani ko neman suna.

Daga 2018 zuwa 2021 wasu 'yan wasa sun yi amfani da wata kafa a manhajar sabar, wadda aka fi sani da Nocom, suna bin sawun mutane a asirce, suka gano wuraren dubban sansanoni, aka wawashe da yawa aka rushe. Da asirin ya tonu, mutanen da suka ce sun yarda da rashin doka sun fusata ƙwarai. Wannan ya nuna mini cewa ko wanda ya yarda a rushe masa gini bai yarda a ci amanarsa ba. Har ila yau akwai masu sauke kwafin manyan gine-ginen sabar suna adana su a wani wuri dabam domin a riƙa ziyarta bayan an rushe na asali, wanda ba abin da mutum zai yi ba ne idan da gaske yana ganin ginin ba komai ba ne.

Malam Nura: Madalla da wannan bayani, Abdulhadi. To amma Malama Zainab, ina da tambaya a gare ki a matsayina na mai koyar da yara. Idan muka ce duk mai ɓarna mugu ne mai jin daɗin wahalar wani, ina za mu sa yaro ɗan shekara goma sha biyu da na san shi da ladabi a aji, amma aka kama shi ya rushe ginin abokansa?

Malama Zainab: Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma ba na so a fahimci maganata a matsayin cewa kowane maɓarnaci mugu ne tun asali. Masanin zamantakewa Stanley Cohen ya rarrabe ɓarna iri-iri tun a farkon shekarun 1970, kuma a cikin abin da ya lissafa akwai ta ramuwa, akwai ta wasa, akwai ta isar da wani saƙo, akwai kuma ta tsantsar mugunta. Yaron da kake magana a kai zai yiwu an hana shi gurbi a ginin, ko an yi masa dariya a kan ɗan gidan da ya yi, sai ya ga cewa hanya ɗaya da ta rage masa ya nuna yana nan ita ce ya taɓa abin da suke ji da shi. Wanda bai iya gina hasumiya ba yana iya rushe ta, kuma a wannan ɗan lokacin yana jin ya kai waɗanda suka gina ta.

Akwai wani gwaji da masu bincike daga jami'o'in Stanford da Cornell suka wallafa a 2017. Sun ba wasu mutane jarrabawa mai wuya domin ransu ya ɓaci, wasu kuma mai sauƙi, sannan suka tura su wurin sharhi, wani wurin an riga an cika shi da zage-zage, wani kuma yana da tsabta. Waɗanda ransu ya ɓaci kuma suka tarar da zagi a gabansu, yawan masu tsokana a cikinsu ya kusan ninka na waɗanda suka shiga da sanyin rai suka tarar da wuri mai tsabta. Mutanen gari ne kawai, ba zaɓaɓɓun miyagu ba. Ga kuma abin da masanin halayyar ɗan Adam John Suler ya bayyana a 2004, cewa idan mutum ba a san sunansa ba, ba ya ganin fuskar wanda yake cutarwa, kuma yana gaya wa kansa cewa duk abin wasa ne, to birkin da ke riƙe shi a zahiri yana sassautawa. A watan Satumban 2005 wata cuta da aka tsara domin wani lungu guda a wasan World of Warcraft ta ɓalle ta shiga manyan biranen wasan. Wasu 'yan wasa suka tsaya suna jinyar waɗanda suka kamu, wasu suka gudu, wasu kuma suka riƙa ɗaukar cutar da gangan suna kai ta cikin taro. Har masana annoba biyu, Eric Lofgren da Nina Fefferman, suka yi rubutu a kai a 2007, domin sun ga darasi a kan yadda mutane ke yi idan annoba ta ɓarke.

Alhaji Sani: Ni ba na yin waɗannan wasanni, 'ya'yana ne ke yi, kuma saboda su nake cikin wannan zaure. Amma abin da kuke faɗa na san shi tun muna yara. Bayan an ɗauke ruwan sama, mukan tara jiƙaƙƙen yashi a kan ƙafa mu daddaɓe shi, mu zare ƙafar a hankali ɗaki ya fito, kuma kusan kullum sai an samu wanda zai tsaya daga gefe har sai an gama, sannan ya zo ya sa ƙafa. Ba ya taka wanda ba a gama ba, kuma ba ya takawa idan masu shi sun tafi gida. Bambancin shi ne a lokacin akwai babba a ƙofar gida da zai kira shi ya tsawatar masa, kuma gobe dole ya haɗa ido da waɗanda ya ɓata wa. Abin da ke damuna, 'ya'yana, shi ne yaro ya saba da jin daɗin kukan wani ba tare da kowa ya ce masa kul ba. Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma lokacin mutum da farin cikinsa suna cikin abin da ake cutar da shi a kansu, ko da ginin na cikin waya ne.

Injiniya Bashir: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wannan babban da ke ƙofar gida shi ne abin da masu kula da saba suke ƙoƙarin maye gurbinsa da manhaja. Akwai wadda ake kira CoreProtect, tana rubuta duk tubalin da aka sa ko aka cire, da sunan wanda ya yi da lokacin, kuma mai kula zai iya mayar da duk abin da mutum ɗaya ya taɓa da umarni guda. Akwai masu ba mutum damar shata filinsa, babu mai taɓa shi sai wanda ya ba izini, akwai kuma tsarin da ba a shiga sai wanda aka sa sunansa a jeri. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna tafiyar da makiyaya da dazuzzuka da hanyoyin ban ruwa na tarayya ba tare da sun lalace ba, ta tarar suna da iyaka sananniya, da masu sa ido daga cikinsu, da hukuncin da ke farawa da sauƙi yana ƙaruwa idan an maimaita laifi. Ina ganin ƙananan sabobinmu sun fi bukatar wannan na ƙarshe, domin mun saba ko dai mu kau da kai, ko kuma mu kori mutum har abada a karon farko.

Ummi: Injiniya, mun sa irin waɗannan manhajoji bayan abin da ya faru, kuma sun yi amfani. Amma ina so a san abin da muka biya. A da duk wanda ya shigo yana iya ɗora tubali a ganuwa ko ya gyara rumfar da ya ga ta karkace, kuma ta haka ne muka sami wasu daga cikin mafi ƙwazon maginanmu. Yanzu kowa ya shata filinsa ya kulle akwatinsa, baƙo kuma sai ya yi ta yawo a gari ba ya iya buɗe ko ƙofa. Wanda ya yi mana ɓarnar ya tafi, amma har yanzu shi ke tsara mana yadda muke zama da juna.

Abdulhadi: Akwai wani ɓangare da ba mu taɓa ba, wato masu cin riba. Lokacin da Reddit ya sake buɗe allon nan a 2022, ya faɗaɗa shi har ya kai dubu biyu a tsaye dubu biyu a kwance, daidaiton da Injiniya ya yaba ya samu tangarɗa, domin masu watsa wasa kai tsaye, waɗanda dubban mutane ke kallonsu a lokaci guda, sun riƙa nuna wa mabiyansu zanen wata ƙaramar ƙungiya su ce a shafe shi, kuma cikin mintuna kaɗan a shafe. Mai ba da umarnin yana samun 'yan kallo, 'yan kallo kuma su ne kuɗinsa. Haka ma a YouTube akwai bidiyoyi masu yawa na mutanen da ke shiga sabar yara su rushe musu gini su naɗi muryarsu suna kuka. Ƙannenmu suna kallon waɗannan, kuma duk wanda ya danna ya kalla ya ƙara wa mai bidiyon abin da ya fita nema.

Harisu: Yaya Abdulhadi, a kan wannan ba ni da ja. Wanda ya naɗi kukan yaro domin ya tara 'yan kallo ba wasa yake yi ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne idan za a kafa doka a sabarmu, a ware wani yanki can nesa da gari inda aka yarda a yi yaƙi a fasa abin da aka ga dama, domin masu son wannan ɓangaren na wasan su sami wurinsu ba tare da sun taɓa aikin kowa ba.

Malam Nura: Wannan shawara ce da za a iya aiki da ita, Harisu. Injiniya, ka duba mana ko za a iya shata irin wannan yanki a yammacin kogi, inda babu ginin kowa. Ummi kuma, ina roƙon ki tuntuɓi yarinyar da ta yi rumfunan, ki tambaye ta ko za ta yarda ta dawo idan aka ba ta jagorancin sabuwar kasuwar. Batun hukunci, ko gargaɗi za a fara yi ko dakatarwa ta mako ɗaya, ba mu daidaita a kansa ba, saboda haka zan buɗe ƙuri'a bayan sallar isha'i, kuma ina so waɗanda ba su yi magana ba tukuna su faɗi nasu kafin lokacin.